Filayen Lope da Labarin Dage

Daga tashar Owendo da ke gefen Libreville, jirgin ƙasa kan ratsa kurmi na tsawon sa'o'i, kana ya ɓullo fili a Lope, bakin kogin Ogooué. Mu da muka taso a ƙasar Hausa, ciyawar nan da ta lulluɓe tuddai gida take tuna mana.

Lope na cikin gandayen daji 13 da Shugaba Omar Bongo ya keɓe a 2002, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya a 2007. Sai dai kurmi na cinye filin sannu a hankali, shi ya sa ma'aikata ke sa masa wuta kowane rani.

Irin wannan fili mai ɓeraye da macizai shi ne wurin kiwon dage, dabbar da kakanninmu suka sani da taurin rai da ɓarnar amya. Akwai shi a Gabon, amma ganinsa sai mai rabo. Ba ya cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a duniya. To amma tarkon waya ba ya zaɓe, ga shi ɗa guda uwar kan haifa, ta raine shi fiye da shekara.