Kuloci da Hannun Baba

Ran da Baba ya fara koya mini tuƙi a tsohuwar Fijo ɗinsa, sau bakwai motar na mutuwa a hannuna. Ya ce, "Kai yaro, ba a sakin kuloci da garaje. Lallaɓa shi ake yi."

Sai da na girma na binciko asalin kalmar. Turawa clutch suke cewa, daga clyccan na tsohon Ingilishi, wato lanƙwasa yatsu a dunƙule hannu. Daga nan ta koma damƙa, irin wadda shaho ke yi wa ɗan tsako. Aka kuma ara wa faifan da ke damƙar inji ya haɗa shi da giyar mota. Har 'yar jakar bikin nan marar igiyar ratayawa, wadda mata ke riƙewa a hannu, sunanta ke nan.

Daren da Baba zai cika, ya damƙe hannuna gam, ba baki. Da asuba na ji yatsunsa suna saki a hankali, yadda ya koya mini. Ni ne har yau na kasa sakinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.