Ranar Da Abokinmu Ya Gyaɗa Kai



Mu biyar ne a gidan haya ɗaya lokacin da muke karatun difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Ciki da falo muka kama, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mu biyu musulmi ne 'yan Zurmi, sauran ukun Kiristoci. Ba za mu kama suna ba, dama can da sunan garuruwansu muke kiransu: Ɗan Zuru, Ɗan Kafanchan da Ɗan Malumfashi. Tukunya ɗaya muke ɗorawa. In azumi ya zo su ke tashinmu sahur in barci ya sace mu, ranar Lahadi kuma mu ke tsare musu wake a kan risho har su dawo daga coci. A lokacin mun ɗauka mun san su. Mun kuma ɗauka duk Kirista abu ɗaya ya yarda da shi, kamar yadda su ma suka ɗauka duk musulmi bakinsu ɗaya.

Ɗan Malumfashi Bahaushe ne gaba da baya. Kakansa ne ya karɓi Kiristanci, shi kuma a cikin cocin ECWA ya buɗe ido. Ba shi da wani harshe sai Hausa, kuma in ya sa jamfa da hula ba mai bambanta shi da mu. A shekararmu ta biyu ya tafi Shinkafi duba yayarsa da ke aikin jinya. A hanyar dawowa, kafin su kai Moriki, 'yan bindiga suka tare motarsu suka kora su daji. Kwana 19 ya yi a hannunsu, sai da mahaifinsa ya sayar da shanun nomansa da wani yanki na gona.

Ya dawo da tabon igiya a hannu da kaushi a ƙafa. Waɗannan duk sun warke. Amma Lahadi uku suka wuce bai je coci ba, shi da ke riga kowa shiri. Rannan da dare, ba wuta, muna kwance a tsakar gida saboda zafi, sai ya faɗa mana abin da ya faru.

A ranar farko, wani yaro cikin masu gadinsu ya dube shi ya ce, "Kai musulmi na?" Ba bindiga ya ɗora masa ba. Tambaya ce kawai ta wucewa, don mutanen nan kuɗi suke nema, kuma kowa a yankinmu ya san musulmi ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kashe. Amma tsoro ba ya tsayawa lissafi. Sai ya gyaɗa kai. Daga nan, duk lokacin da sauran kamammun suka yi taimama suka tsaya salla, shi ma sai ya shiga sahu yana motsa leɓe. Wani dattijo da aka kama su tare ya lura bai iya ba. Bai ce masa komai ba, bai gaya wa kowa ba. Kullum dai sai ya jawo shi gefensa, ya riƙa jinkirta ruku'u da sujada don yaron ya samu ya bi.

Ya ce, "Leah Sharibu shekararta 14 da aka ɗauke su a Dapchi a 2018. Aka saki 'yan uwanta, ita aka riƙe ta don ta ƙi barin addininta. Ni ƙato da gemu, ko tsawa ba a yi mini ba na yi musun Ubangijina. Ku gaya mini, har yanzu ina da ceto?"

A daren nan muka fara sanin cewa wannan tambaya tana da amsa fiye da ɗaya a cikin Kiristanci.

Ɗan Kafanchan, wanda ya tashi a cocin Baptist, ya ce ko shakka babu. A fahimtarsa ceto kyauta ce ta Allah, alheri ne, ba da aiki aka saye shi ba, don haka ba aikin da zai ɓatar da shi. Ya haska fitilar waya ya buɗe Yohanna sura 10, inda Yesu ya kwatanta mabiyansa da tumakin da ba mai iya fizge su daga hannunsa, ya haɗa da ƙarshen Romawa sura 8. Ya ce, "Aboki, ɗa ko ya ɓata wa ubansa rai, jinin bai canja ba. Ba kai ka riƙe Allah ba, shi ya riƙe ka."

Ɗan Zuru, wanda ke zuwa Deeper Life, ya tashi zaune. Ya ce yana ƙaunar ɗan uwansa, shi ya sa ba zai shafa masa mai a baki ba. Ya buɗe Matiyu sura 10, inda aka yi gargaɗi ga wanda ya yi musun Almasihu a gaban mutane, ya bi da Ibraniyawa sura 6 da wasiƙar Bitrus ta biyu sura 2, masu magana a kan waɗanda suka san hanya sannan suka juya. Ya ce, "Ba a kafa allon gargaɗi a bakin rijiyar da ba a iya faɗawa. Gaskiya ne ba mai fizge tunkiya, amma tunkiya tana iya fita garke da ƙafarta. Sai ka tuba, tuba ta gaske."

Ɗan Kafanchan ya ce ai waɗanda suka juya har abada, dama can ba su taɓa samun ceto ba, ya kafa hujja da wasiƙar Yohanna ta fari sura 2. Yana nufin ya kwantar wa abokinmu da hankali, sai maganar ta zama wuƙa. Ɗan Malumfashi ya ce a hankali, "To ke nan wataƙila ni ma ban taɓa samu ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, tawa kuwa ta ƙare, an gani." Kowa ya yi shiru. Ɗaya ya ce masa yana iya yiwuwa ya rasa, ɗaya ya buɗe masa ƙofar zaton bai taɓa samu ba. Ta ko'ina ya juya, tabbacin da yake nema bai samu ba.

Mun san halin marubuci da son bin diddigi. Kwanakin da suka biyo baya muka ƙarar da data muna karatu, muka tarar gardamar tsakar gidanmu ta girmi Ƙauran Namoda nesa ba kusa ba. A shekara ta 250, Sarkin Rum Deciyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa suka dawo suna neman a karɓe su. Nobatiyan a birnin Rum ya ce coci ba ta da ikon karɓarsu. Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, shi da sauran bishop-bishop suka tsaya a kan a karɓe su bayan tuba mai tsawo, kuma ra'ayinsu ne ya yi rinjaye.

Bayan ƙarni 13 maganar ta dawo da sabuwar riga. Mabiyan John Calvin na Geneva suka koyar da cewa wanda Allah ya zaɓa zai dawwama har ƙarshe. Almajiran Arminiyus, malamin jami'ar Leiden da ya rasu a 1609, suka fitar da takardar ƙorafi a 1610, inda suka ce wannan batu yana buƙatar a sake duba shi. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 a ƙasar Holan ya yanke hukunci a kansu, amma bai kashe ra'ayin ba. John Wesley ya ɗauke shi a Ingila, daga gare shi ya gangaro zuwa Methodist da cocin tsarkaka da yawancin Fentikostal. Katolika kuwa tun a taron Trent, a 1547, suka ce mutum ba zai iya samun cikakken yaƙinin cewa zai dawwama ba sai da wahayi na musamman, kuma babban zunubi yana raba mutum da alheri har sai ya tuba ya furta a gaban Fada. Ashe abin da aka yi ta ja a Kartaj da Dort ne ya biyo mishan da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe, ya sauka a tsakar gidanmu da ƙarfe ɗayan dare.

Mu ma muka ga ya kamata mu kawo tamu gudummawar. Muka ba shi labarin Ammar bin Yasir, wanda mushirikan Makka suka azabtar bayan sun kashe iyayensa, har ya furta abin da suke so, ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana kuka, aka tambaye shi halin zuciyarsa. Muka ce a kan irin wannan ne aya ta 106 ta Suratun Nahli ta yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mana godiya. Sannan ya ce, "Wannan ƙofar gidanku ce, kuma kyakkyawa ce. Ni a gidanmu nake neman ƙofa." Ba mu ji haushi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya nuna masa ƙofar ba fasto ba ne. Wani tsoho ne, ɗan fansho na reluwe, dattijon coci, da muke sayen kananzir a wurinsa. Ya aika a kira shi, mu kuma muka raka shi don ba ya son fita shi kaɗai. Tsohon ya saurari duka labarin yana gyaran wata tsohuwar fitila.

Ya ce, "Ɗana, sau nawa ka gyaɗa kai?"

"Sau ɗaya, Baba. Amma kwana 19 ina cikin sahu."

"Bitrus sau uku ya yi, da baki, har da rantsuwa, kuma wadda ta fara tambayarsa baiwa ce, ba soja ba. Ka karanta Yohanna sura 21 ka ga abin da aka tambaye shi daga baya a bakin teku, da aikin da aka damƙa masa."

"Baba, to na rasa ne na sake samu, ko dama ban rasa ba?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Malaman da suka fi ni sun yi shekara ɗaruruwa a kan wannan. Abin da na sani, ka tambayi abokanka biyu abin da za ka yi jibi Lahadi, za ka ji bakinsu ɗaya. Kuma gawa ba ta jin tsinke. Da ka mutu, da ba ka hana kanka barci ba."

Ranar Lahadi ya sa jamfarsa ya tafi, Ɗan Zuru a dama, Ɗan Kafanchan a hagu, suna tafe suna ci gaba da gardama. Mu muka tsare wake.

Ba mu kawo wannan labari don mu raba musu gardama ba, ba mu da wannan hurumi. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda tambayar ta juyo kanmu. Mun taso muna jin tsofaffinmu a Zurmi, in sun idar da salla, suna cewa Allah ya sa mu cika da imani, ba mu taɓa tsayawa mun auna nauyin maganar ba. Wanda ya tabbata ba abin da zai same shi ba ya wannan addu'a. Malamanmu sun koya mana cewa ayyuka da ƙarshensu ake duba su, kuma mumini tsakanin tsoro da fata yake rayuwa. Hanyoyinmu daban ne, aƙidunmu daban, ba ma kuma ɓoye wa juna haka. Amma wannan fargabar ta dare, ta mutum ya kwanta yana tambayar kansa yadda ƙarshensa zai kasance, mun gane ta da muka gan ta a fuskar abokinmu.

A nan ne maganar ta shafe mu a matsayin marubuta. Mu duba labaranmu da adalci. Sau nawa Kirista ya fito a cikinsu ba a matsayin mai sayar da kayan gyaran mota ba, ko budurwar da za ta musulunta a babi na ƙarshe? Sau nawa muka ba shi damuwar da ke cin zuciyarsa a cikin addininsa, da kalmominsa? Bahaushen Kirista ba "imani" ya fi cewa ba, "bangaskiya" yake cewa. Yana maganar alheri da ceto da ja da baya da Jibin Ubangiji. Yana da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. Harshenmu ɗaya, amma akwai ɗakuna a cikinsa da ba mu taɓa leƙawa ba, kuma ba a rubuta mutum da kyau daga bakin ƙofa. Ba sai ka yarda da abin da ya yarda da shi ba. Ka dai zauna ka ji abin da ke hana shi barci.

Yanzu kowa ya kama gabansa. Ɗan Zuru da Ɗan Kafanchan har yau ba su daidaita ba, suna turo wa juna ayoyi a WhatsApp. Ɗan Malumfashi ya koma gida yana noma da koyarwa. Ya ce mana wata rana yana jin tabbaci, wata rana ba ya ji, amma ya daina auna kansa da ranakun da ba ya ji. Dattijon nan da ya ɓoye shi a sahu, a daji ya baro shi, kuma har yau bai sami labarinsa ba. Kullum da safe yana sa shi a addu'a, ya kuma roƙe mu mu riƙa sa shi a tamu. Muna roƙonku ku ma ku sa shi, shi da duk wanda ke hannun mutanen nan tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi.

Da muka yi waya da shi makon jiya, za mu yi sallama sai bakinmu ya suɓuce da addu'ar tsofaffi, muka ce Allah ya sa mu cika da imani. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce amin.