Kukan Motar Baba

Hilux ce fara, ta girmi autarmu. Da aka raba gadon Baba ta faɗo a kasona, tare da aikin da ta saba: duk kaka ita ke kwaso shinkafar gidanmu daga Kura zuwa Kano. Ni kuwa rubuta manhaja ce sana'ata, abin da na sani a mota bai wuce duba baƙin mai da ruwan lagireto ba.

Saura wata biyu girbi ta fara kuka. A hanyar Zariya, da na kai gudun kilomita 60 na ɗaga ƙafa daga totur, sai wani siririn kuka ya taso daga baya, kamar iskar hunturu a kafar taga. In na sake takawa ya ɗauke.

A aikinmu, idan manhaja ta kawo matsala ba ka taɓa komai sai ka iya sa matsalar ta maimaitu da gangan. Haka na yi wa motar, har da jadawali a waya. Na bi kwalta mai laushi, na bi mai kaushi, kukan bai sauya ba, na cire taya daga zargi. Na sha kwana dama da hagu, don boris ɗin ƙafa yakan ƙara gurnani idan nauyi ya kwanta a ɓangarensa. Babu bambanci. Kuros ɗin farfela kuma "ƙwas" yake yi in an sa giya, ko ya kawo girgiza. Da na sa ta a firi tana gangarawa na zuga inji, kukan bai kula ba. Saura wuri ɗaya: ƙullin nan da ke tsakiyar aksil na baya, difarenshiyal.

Na kwana uku ina karanta yadda yake aiki. Farfela na juya ƙaramin giya, shi kuma yana juya babba mai kamar faranti. A tawa ƙaramin haƙora 10 gare shi, babban 41. A ciki kuma akwai wasu ƙanana da ke barin tayar waje ta fi ta ciki sauri a kwana. Kowane haƙori fuska biyu gare shi: ɗaya ke ɗaukar nauyi idan inji na tura mota, ɗayar idan ka saki totur mota ta koma tura inji. In boris ɗin da ke riƙe da ƙaramin giyan ya yi sako-sako, wannan juyin nauyin kan gusar da shi, haƙoran su daina haɗuwa daidai. Kukan ke nan.

Da wannan ilimi na tafi wurin dattijon bakaniken da ke yi wa Baba gyara, ina jin kaina. Bai ko kalli jadawalin ba. Ya sa yaronsa ya tsiyaye man aksil, ya nuna mini maganaɗisun jikin marfin, ya yi gashi da ɓurɓushin ƙarfe. Ya kwance farfela, ya kama bakin giyan da hannu ya girgiza, ya ji yana motsi. Sannan ya haska notin tsakiya da tocila, ya daɗe.

"Injiniya, wa ya kwance notin nan?"

"Ni ne, Baba."

Wata huɗu kafin nan na ga mai na ɗiga a wurin, na kalli bidiyo biyu a YouTube, na sauya sil ɗin da kaina ranar wata Asabar. Abin da ban fahimta ba, a bayan notin akwai wani zoben ƙarfe da aka yi shi don ya lotsa daidai gwargwadon matsin da boris ke bukata. Ni da dogon bututu na ɗaure, na ji ya yi tauri, sai na ɗan sassauto. Zoben kuwa in ya lotsa ba ya dawowa. Tambayar farko da nake yi wa yaran ofishinmu kullum ita ce: me aka taɓa na ƙarshe, wa ya taɓa? A jadawalina babu wannan layin, kuma ba mantuwa ba ce.

Aka zare sandunan aksil biyu, aka ciro ƙullin aka ɗora a benci. Boris biyu sun yi tsaga-tsaga, haƙoran sun ɗan ci amma ba su gama ba. Na tafi Ƙofar Ruwa na sayo boris da sabon zobe da sil da man giya 80W-90. Ya shafa fenti a haƙoran babban giyan ya juya, ya ga inda suke cizo, ya ce ya zauna. Ni kuma na nace sai an auna ratar haƙoran, don littafin ya ce tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Aka aro ma'auni a garejin maƙwabta, ya nuna 0.22. Bai yi musu ba. Ya ce tsufa ya fara taɓa hannu, ya matso da shi.

Ranar da muka fara kwaso shinkafa, da na wuce kwanar Kura da lodi na ɗaga ƙafa ina kasa kunne. Kukan na nan, ƙasa-ƙasa, sai wanda ya san shi zai ji. Dattijon ya riga ya gaya mini haƙorin da ya ci ba ya komawa sabo.

Da dare Umma ta tambaye ni me ya sami motar Malam har ta ci wannan kuɗi. Na ce boris ne ya lalace.