HOTUNANMU A GIDAN ARO

Mai karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai: me ya sa mu da muka fi kowa ɗaukar hoto mu ne kuma muka fi kowa saurin rasa shi? Iyayenmu ba su tara hotuna da yawa ba, amma 'yan kaɗan ɗin da suka ɗauka har gobe suna nan a ƙasan akwati ko a jikin bango. Mu kuwa kowa yana yawo da dubbai a aljihu, amma ka ce wa mutum ya nuna maka hoton sunan ɗansa na fari, sai ka ji ya fara kame-kame: wayar ta faɗa ruwa, memorin ya ƙi buɗewa, ko kuma ya manta lambobin sirrinsa.

Mu da muka taso a zamanin fim mun san darajar hoto. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, don haka ba a ɓarnar sa. Sai ranar salla ko biki ake cin kwalliya a tafi wurin mai hoto, a tsaya ƙiƙam gaban labule, sannan a yi ta zaman jiran a wanko. In baƙo ya zo gida, kafin a kawo abinci an miƙa masa albam, yana buɗawa ana yi masa bayani: wannan ce gwaggo, wancan kawu ne lokacin da yake makarantar kwana. Da haka yaro yake sanin danginsa, har da waɗanda bai riska a duniya ba.

Kyamarar da ba ta buƙatar fim kuwa tun 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a Amurka, sai dai ba ta shiga hannun jama'a sosai ba sai bayan shekara ta 2000. Daga nan shafukan ajiye hotuna suka yi ta ɓullowa kamar ciyawa bayan ruwan farko. Photobucket ya zo a 2003, Flickr ya biyo baya a 2004 daga ƙasar Kanada, Facebook ya buɗe ƙofar sa hotuna a 2005, Instagram kuma ya iso a 2010. Ba zan manta daɗin da na ji ba ranar da na zauna a shagon intanet na ɗora hotunan bikin ƙanwata, yayanmu da ke karatu a Sudan ya gan su a daren nan. Da ta gidan waya ne, da sai an yi makonni.

To amma fa Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk hoton da ka ɗora a shafin wani kamfani, ajiya ka bayar a gidan da ba naka ba, kuma mai gida yana iya sauya doka ko ya rufe gidan duk ranar da ya ga dama. Ba zato nake yi ba, an sha yi. Yahoo ya rufe sashensa na hotuna a 2007. Kodak Gallery ya rufe a 2012, shekarar da shi kansa Kodak ya durƙushe saboda bashi. A 2017 Photobucket ya wayi gari yana neman dala 399 a shekara kafin hotunan mutum su ci gaba da bayyana a wasu shafuka. Flickr, wanda a 2013 ya bai wa kowa wurin ajiya na terabait guda kyauta, ya koma hannun SmugMug a 2018, aka rage wa masu cin kyauta zuwa hoto 1,000 kacal. Google Photos ma da ya fara a 2015 da ajiya marar iyaka, daga 1 ga Yunin 2021 ya mayar da kowa cikin gigabait 15 ɗin da ake rabawa da akwatin imel. Lallai banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba wai ina cewa a ƙaurace wa waɗannan shafuka ba ne. Ni ma ina amfani da su, kuma suna da rana. Abin da nake jan hankali a kai shi ne a bambanta wurin nunawa da wurin ajiya. Hoton da ka tura ta WhatsApp ko ka ɗora a Facebook, matse shi ake yi don ya yi sauƙin tafiya, shi ya sa in ka kai a wanko maka babba sai ka ga fuska ta yi dishi-dishi. In kana son ya isa yadda aka ɗauke shi, to ka tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba.

Ga tsarin da nake bi a gidana. Duk hoton da nake ji da shi yana da mazauni uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya da ke cikin durowa, ɗaya kuma a intanet. Kowane taro da jakarsa, da sunansa da shekararsa. A ƙarshen shekara nakan zaɓi kamar talatin in kai a wanko, in juya bayansu in rubuta sunayen mutanen da ke ciki. Wannan rubutun shi ne rabin hoton, domin nan da shekara arba'in babu wanda zai iya shaida tsohuwar da ke zaune a gefen amarya. Tsofaffin hotunan iyayenmu kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗauka da waya, na zauna da mahaifiyarmu tana faɗin suna ina rubutawa, sannan na buɗe wa dangi albam na haɗaka wanda kowa ke iya zubawa. Daga ciki muka yi wa kakarmu kalanda mai ɗauke da fuskokin jikokinta, kuma ban taɓa ganin kyautar da ta faranta mata rai kamar wannan ba.

Sai kuma maganar amana, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Hoto zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. A da, hoton amarya da ƙawayenta a cikin albam yake, sai wanda aka yarda da shi ake nuna wa. Yanzu kuwa kafin a tashi daga kamu ya zaga gari, wata ma ba ta san an ɗauke ta ba. Gidaje nawa aka yi rigima a kan irin wannan? Sannan wayoyi da yawa sukan liƙa wa hoto bayanin ranar da aka ɗauke shi da ainihin wurin, ta yadda wanda ya samu asalinsa zai iya gano ƙofar gidanka. Don haka kafin ka yaɗa hoton wani ka nemi izininsa, na yara ƙanana kuwa ka yi tunani sau biyu, tunda su ba su kai munzalin cewa a'a ba.

A ƙarshe, ɗan'uwa mai karatu, ka tambayi kanka: in wayar nan ta ɓata yau, hotuna nawa za su rage wa 'ya'yanka? In amsar ba ta yi maka daɗi ba, kada ka bari sai gobe. Ka zaɓi goma ka kai a wanko, ka rubuta suna a baya, ka ba uwargida ta jefa a ƙasan akwati. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu kwana nan.