Abin da Baffa ya gani a cikin labarinmu

Wancan watan mun kawo muku gajeren labari a nan, inda maharbinmu ya yi harbi tara a jere da bindigar toka, kowanne ya samu. Kun yaba, mun ji daɗi. Da muka je gida Haɗeja sai rawar kai ta sa muka karanta wa Baffa, wanda ya yi shekaru yana harbin dinya a fadamar da ta miƙa har Nguru.

Bai bari mun kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ku tsaya. Wannan mutumin naku yaushe yake wanke bindigarsa?"

Ya ɗauko tasa, ya daga bakinta saitin rana, ya ce mu leƙa. Ban da baƙin albarushi, akwai wani shafi mai ruwan toka da ya manne a jikin ƙarfen. Dalma ce. Ƙarfe ne mai laushi, da farce ma ana kartarsa, kuma yana narkewa a zafin digiri 327 kacal. Duk harsashin da ya fita sai ya bar kaɗan daga jikinsa a hanya. A hankali rami ya tsuke, saiti ya ɓaci, ɗuri ya ƙi sauka ƙasa. Har a Amurka masu zuba harsashin ƙaramar bindiga da hannunsu suna kuka da wannan: in harsashi bai cika ramin ba, zafin wuta yana bi ta gefensa ya shafe dalmar a bango.

Mun taso muna ganin hannun hagun Baffa da yatsu uku, ba mu taɓa tambaya ba. Ranar ya faɗa da kansa. Kwana biyu bai goge ba saboda tsuntsu ya sauka da yawa, ɗuri ya tsaya a rabi, ya ce ba komai. Bindigar ta tsage a hannunsa.

Wannan ya ishe mu kunya a matsayin marubuta. Amma abin da ya hana mu barci daban ne. A bayan zaure muka ga kaskon da yake narka dalmar, irin wadda masunta suke ɗaura wa birgi don ta nitse. Jikansa ɗan shekara uku yana zaune kusa, yana wasa da ƙwayoyin, ɗaya tana bakinsa. Mu ma haka muka yi. Mun sha tofar da su daga naman dinya muna dariya.

Muka tuna masa Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Muka ce tun 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma, don agwagi suna haɗiye wadda ta zube a laka su mutu.

Ya yi shiru, ya zare ƙwayar daga bakin yaron. Ya ce, "Na Zamfara ai na zinare ne." Muka ce dalmar ɗaya ce, Baffa. Bai amsa ba, ya dai ɗauke kaskon ya ɗora bisa katanga.

Labarin muna sake shi. Yanzu harbi biyu maharbin yake yi, sannan ya zauna gindin giginya da tsumma. Yaron ne har yau muka rasa inda za mu sa shi.