Abin da Iska Take Ci a Jikin Kalma

A kudancin ƙasar Jodan, kimanin kilomita 60 gabas da birnin Aƙaba, akwai wani kwari da ake kira Wadi Ram. Rairayinsa ja ne, duwatsunsa kuma a tsaye suke kamar ganuwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Jabal Ram, mai tsayin mita 1,734 daga saman teku. Gindinsa dutse ne mai tauri, amma daga nan har ƙololuwa dutsen yashi ne, wato rairayin da ya danƙare shekaru miliyoyi, iska da ruwa suka yi ta sassaƙarsa. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sanya kwarin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma cikin dalilanta akwai zane kimanin 25,000 da rubutu kimanin 20,000 da mutanen da suka bari a jikin duwatsun.

Wasu abokai huɗu ƴan Nijar da ke karatun Larabci a Amman, biyu daga Maraɗi, ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Damagaram, sun ɗaura niyyar hawan wannan dutse a wani hutu na watan Maris. Jagoransu Badawi ne, wato Balaraben hamada, wanda kakanninsa suka san hanyoyin dutsen wajen farautar awakin daji. Tun da asuba ya raba musu igiya, da ɗamarar da ake ɗaura ta a ƙugu, da hular kwano, ya koya musu halin abin da za su taka. Dutsen yashi yana da kaushi kamar dutsen niƙa, saboda haka yana riƙe tafin ƙafa ko a gangare. Amma gefensa yakan marmashe a hannu kamar tsohon tubali, kuma in ya sha ruwan sama ba a hawansa sai ya bushe. Kafin mutum ya dogara da wani tudu, sai ya buge shi da tafin hannu. In ya ji ƙarar ƙwarya, ya nemi wani.

Hantsi ya yi suna cikin wani matsattsen lungu lokacin da jagoran ya nuna musu wasu haruffa da aka ƙwarzana a bango. Irin wannan rubutu masana suka daɗe suna danganta shi da Samudawa, mutanen da sunansu ya shigo Hausa har muke ce wa ƙaton mutum basamude. Daga baya aka ware na wannan yanki aka ba shi sunan hamadar Hisma, inda ya fi yawa. Shekarunsa sun kai wajen 2,000, kuma galibinsa ba ya wuce suna da nasaba: na wane ɗan wane. Ɗan Damagaram, wanda ya fi su son ilimin harshe, ya lura musu da cewa baƙaƙe zalla marubutan suka sassaƙa, babu wasali ko ɗaya. Mai karatu ne yake cika sauran daga abin da ya sani na harshen.

Da azahar suka kai ƙololuwa, suka sha shayi a kan farin falalen dutse, hamada ta miƙe a ƙarƙashinsu har inda ido ya gaza. Sai dai masu hawan dutse sun san cewa wanda ya kai sama rabin aiki ya yi.

Hanyar da suka bi wajen saukowa tana da wani bango da sai an bi igiya, ɗaya bayan ɗaya. Jagoran ya tsaya a sama yana duba ɗaurin kowa. Ɗan Tawa ne ya fara sauka, ya dira a wani ɗan dandamali da bai fi faɗin tabarma ba, ya tarar bakin igiyar ya maƙale a wata tsaga. Ya ɗaga kai ya ƙwala kira: "Tsaya!" Iska tana kaɗawa, bangon da ke fuskantarsu yana mayar da amo. Babban ƴan Maraɗi, da yake riga ya ɗaura igiya yana jiran izini, abin da ya iso kunnensa shi ne "Sauka!" Ya sako ƙafa, dugadugansa suka ɓamɓaro wani dutse kamar kan rago. Dutsen ya wuce ta gefen kafaɗar ɗan Tawa, ya fasa gorar ruwan da ke rataye a jakarsa, ya ci gaba da gangarawa har aka daina jin ƙararsa.

Da suka haɗu a dandamalin, an daɗe babu mai magana. Can na Maraɗin ya ce, "Ɗan uwa, wallahi sauka na ji ka ce." Ɗan Tawa ya amsa, "Na yarda, yaya. Ni ma da nake nan, abin da dutsen ya maido mini ya fi kama da hakan."

Duk ɗalibin da ya zauna darasin ilimin furuci zai gane abin da ya faru. Ƙarfin murya a wasali yake. Baƙaƙe irin su /s/ da /ts/ da /k/ rauni gare su, nisa da iska su suke fara cinyewa. Abin da yake tsira shi ne yawan gaɓoɓi, da inuwar wasula, da karin sauti. To, "tsaya" da "sauka" kowace gaɓa biyu ce, kowace da /a/ take ƙarewa. Sannan sigar umurni a Hausa takan ɗora wa fi'ili karin sauti iri ɗaya, ƙasa sannan sama, ko da kuwa a wani muhallin karinsu ya bambanta. Ƙa'idar da take sa Bahaushe ya gane umurni da jin sautinsa ita ce ta mayar da umurni biyu masu karo da juna tamkar tagwaye. Marubutan Hisma sun ajiye baƙaƙe sun bar wasula, sun dogara ga mai karatun da yake da lokacin tunani. Iskar Jabal Ram ta ajiye wasula ta kwashe baƙaƙe, ga wanda yake rataye a igiya kuwa babu wannan lokacin.

Kafin su ci gaba sai da suka yi yarjejeniya a kan kalmomi uku. "Kam!" gaɓa ɗaya, kada kowa ya motsa. "Dutse!" gaɓa biyu masu wasula dabam, abu yana faɗowa. "Bismilla!" gaɓa uku, hanya ta buɗe. Za a fara kiran sunan mutum kafin umurni, kuma ba wanda zai ɗaga ƙafa sai ya maimaita abin da ya ji an tabbatar masa. Da waɗannan suka sauko sauran bangayen lafiya, magariba ta riske su a kan rairayi.

Masu ƙirƙirar sababbin kalmomi a sassanmu na jami'a sukan auna kalma da asalinta, da tsarin gininta, da yadda take zama a takarda. Akwai ma'auni na huɗu da ba a cika kawowa teburin taro ba: shin kalmar tana isa kunne daga nesa, cikin hayaniya, ba tare da ta rikiɗe ta zama kishiyarta ba? Ba sai an je Jodan za a yi wannan bincike ba. Maginan rijiya a Adar da Damargu suna magana da masu riƙe musu igiya daga zurfin gaba da yawa, masunta a kogin Kwara suna kiran juna daga jirgi zuwa jirgi, magina suna jefa wa juna umurni daga kan soro. Kowace sana'a a cikin waɗannan ta daɗe tana tace kalmominta, domin kuskuren ji a wurinsu rai yake ci. Ɗalibin da yake neman batun kundinsa zai iya ɗaukar na'urar naɗar murya ya zauna a bakin rijiya, ya ƙirga gaɓoɓin abin da ake faɗa, ya ga waɗanne kalmomi aka zaɓa da waɗanda aka guje wa.