Tayin Rago a Maraɗi

Sana'ata gadin agogo ce. A Kano nake da ɗan ofis, ina taya wa mutane motocin gwanjo daga Amurka ta intanet. Mota tana can Texas, ni ina nan gaban kwamfuta, in duba hotuna, in lissafa kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na bakanike, sannan in shiga sahun masu tayin da ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Don haka da wani abokina Bakatsine ya ce in raka shi Maraɗi ya saya wa surukansa ragon layya, kuma ya ce yanzu dillalan can ta WhatsApp suke ciniki, sai na shiga mota da fuskar malami mai zuwa duba 'yan makaranta.

Muka bi ta Jibiya, muka tsallaka a Ɗan Isa. Kafin ka saba da komai a Maraɗi sai ka fara saba wa lissafi, domin dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000. Ni da tsofaffinmu na Kano suke kiran naira 200 jaka, duk lokacin da aka ambaci kuɗi sai in tsaya ina motsa leɓe kamar mai wuridi, yaran kasuwa suna kallona.

Dillalin da aka kai mu wurinsa dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune kan tabarma da wayoyi biyu, ɗaya fuskarta a tsage. Yaronsa ne mai ɗaukar bidiyo. Aka jawo wani balami fari tas, mai dogayen kunnuwa da gantsararren hanci. Yaron ya buɗe masa baki ya nuna haƙora, ya danna gadon bayansa da tafin hannu don a ga tsoka, ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa aka ja shi ya yi tafiya. Aka tura wa mutane a Yamai da Agadas da wani ɗan gari da ke neman kuɗi a Abijan. Na leƙa in ga farashin da aka rubuta a ƙasan bidiyon. Babu ko lamba ɗaya.

"Baba, nawa ne?" na tambaya.

"Taya, Alhaji."

Wannan kam na san shi, ko a Wudil haka ake yi. Mai kaya ba ya faɗin kuɗi, kai za ka taya, shi kuma ya ce albarka har sai ka kai inda ransa yake. A shafukan gwanjo ma akwai irinsa, mai kaya ya ɓoye mafi ƙarancin abin da zai karɓa, na'ura ta riƙa gaya maka ba ka kai ba tukuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu agogo. Na tambayi dattijon yaushe za a rufe tayi, ya dube ni kamar na tambaye shi yaushe za a rufe damina.

Mu a wurinmu agogon ne komai. A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ana sa wa kaya ranar rufewa da minti, kuma gwanaye ba sa motsi sai daƙiƙun ƙarshe, su jefa tayinsu lokacin da abokin hamayya ba shi da sararin ramawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun yi nazarin wannan ɗabi'a a 2002. Suka kwatanta eBay da gwanjon Amazon na wancan zamani, inda ake ƙara lokaci duk sanda sabon tayi ya shigo a ƙurarren lokaci, suka ga harin ƙarshe ya fi yawa nesa ba kusa ba a inda agogo ke yankewa kai tsaye. Wato doka ce ke haifar da dabarar. Na daɗe ina ɗaukar iya laɓewa har daƙiƙar ƙarshe a matsayin wata baiwa da Allah Ya yi mini, sai ga ni a kasuwar da baiwar ba ta da wurin zama.

Tayi yana shigowa ta saƙon murya. Dattijon ya kara wayar a kunne, ya saurara, ya danna ya ce, "Alhaji, an fi ka. Ƙaro." Ba ya faɗin wanda ya fi, ba ya faɗin da nawa. Nan zuciyar ɗan gwanjo ta motsa, na matsa kusa na ce, "To Baba, me zai hana mutum ya ƙirƙiro mai tayin da babu shi?" A intanet wannan tsohuwar cuta ce, mai kaya ya buɗe asusu na biyu ko ya sa ƙaninsa ya riƙa tura farashi sama. Malaman fiƙihu sun san ta tun kafin a yi lantarki, najashu suke kiranta, kuma haramun ce, alhali gwanjon kansa halal ne.

Ya yi dariya. "Ɗana, wanda ke Abijan ɗin nan, gidan uwarshi na bayan gidana. Gobe ma kasuwa ce."

Ban ce duk dillalan Maraɗi waliyyai ba ne. Na ga yaro yana durƙusawa har ƙasa da waya don rago ya fito kamar maraƙi, kuma kowa ya san zancen dusa da gishiri da ruwa da ake ɗura wa dabba da safe cikinta ya tashi. Tsakanin abin da mai rago ya sallama da abin da mai saye ya biya ma, wani lokaci akwai ɗan ramin da ya wuce la'ada. Sai dai mai yin haka yana da ƙofar gida, kuma ana sanin ta.

A gabana aka gama cinikin balamin. Mai ragon ya ce ya sallama wa na Yamai, aka yi addu'ar Allah Ya sa alheri. Ba a jima ba wayar mai tsagaggiyar fuska ta yi ƙara, na Agadas ya ƙara jika goma. Ni har na gyara zama. Dattijon ya amsa masa da cewa an riga an sallama, akwai wani ragon in yana so. Muddin ana tayi kowa na iya ƙarawa, amma da zarar mai kaya ya sallama, shiga cinikin wani ya zama abin kunya kuma abin zunubi. Ashe akwai lokacin rufewa, a bakin mai kaya yake. Kuɗin kuwa kafin mu sha shayi an turo su ta kamfanin aika kuɗi na Nita.

A Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, muka wuce ta gaban fadar Sarkin Gobir zuwa gidan wata gwaggon abokina mai kiwon jajayen awakin nan da ake yi wa laƙabi da sunan Maraɗi. Jikanta ne ke riƙe da waya, ita ke riƙe da hukunci. A wurinta na ga yadda tsohuwar dabarar juya baya ta koma cikin waya. A kasuwa mai saye yakan yi kamar ya fasa, ya tafi a hankali yana jiran a kira shi. Yanzu sai ya buɗe saƙo, alamar karantawa ta yi shuɗi, ya yi shiru. Yaron ya damu, ya ce, "Inna, ya gani bai ce komi ba." Ta ce ya ajiye wayar ya je ya ba awaki ruwa. Kafin la'asar mutumin ya dawo da ƙari.

Masu jiran daƙiƙar ƙarshe ma akwai su, sai dai daƙiƙarsu jajibirin Sallah ce. Suna caca ne kan cewa mai rago zai gwammace ya karya farashi da ya koma ƙauye da shi. Wata shekarar su ci, wata shekarar su yi layya da abin da ya saura. Dillalai har yanzu suna zancen 2025, lokacin da gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje gabanin layya, lissafin masu kiwo da na masu jira duk ya sauya.

Jiratawa kuwa, kudu da Maraɗi a bakin Gulbi, ba rago ya kai mu ba, zogale surukar abokina ta aika a sayo. Filin noman rani ne da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, ruwa na bin ƙananan magudanai tsakanin garake. Na tarar da 'yan sari uku suna tayin ganyen wata garka tun yana bisa itacensa, kowa yana ƙiyasta buhu nawa za ta ba da. Wani dattijo a cikinsu ya zaga sau ɗaya, ya murza ganye a yatsu, ya taya, aka ce albarka, ya koma inuwa. Samarin biyu suka yi ta ƙara wa juna har ɗaya ya ci. Masana suna kiran wannan tsinuwar mai nasara. Wasu injiniyoyin man fetur ne suka bayyana ta a 1971, bayan sun lura kamfanonin da ke cin gwanjon filayen haƙar mai a Tekun Meziko sukan yi asara, domin idan kowa ƙiyasi yake yi, wanda ya fi kowa zuzuta abin shi ke ci. Na san zafinta a kan motoci, musamman da tsakar dare idan wani baƙo daga wata ƙasa ya ƙi sakar mini.

Na zauna kusa da dattijon na ba shi labarin aikina, da ɗan alfahari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To in motar ta iso babu lafiya, wa kake kamawa?"

Na ce ai a yadda take ake sayar da ita, haka aka rubuta a sharaɗi, kuma na sa hannu.

"Kai da wa kuka yi shaida?"

Na ce da kwamfuta. Ya kira saurayin da ya ci garkar ya ce ya zo ya ji.